Tsagar Juya a Fadar Sarki Ɗanbaro

Ku matso, ku gyara zama. Wanda ya san yana tsoron aska ya dafe goshinsa tun yanzu, don labarin nan ba na dariya ba ne, ko da yake bakina ba ya iya zama lafiya.

A zamanin da, lokacin da ake auna girman sarki da yawan yaran da ke wawar tuwo a gidansa, an yi wani sarki a wata ƙasa mai doguwar ganuwa, ana ce masa Ɗanbaro. Allah ya ba shi dukiya da kwarjini, ya ba shi ƙirji kamar gindin rumbu, da murya wadda in ya gyara ta a zaure awaki kan daina tuƙa a bayan gari. Abu guda ne bai samu ba, shi ne haihuwa.

A fadar nan akwai wata tsohuwar al'ada: sarki ba ya ciwo. In mura ta kama shi sai a ce sarki yana nazari. In gudawa ce, a ce nazarin ya yi zurfi. Duk wanda ya buɗe baki ya jingina wata cuta ga jikin sarki, yanke masa harshe ake yi a bainar jama'a. To, tunda sarki ba ya ciwo, rashin haihuwa dole ya samu wani mai shi. Sai Ɗanbaro ya kafa doka cewa duk matar da ta yi damina uku a gidansa ba ciki, a yi mata tsaga uku a goshi, wadda ake kira tsagar juya, a fitar da matar zuwa wani ƙauye a bayan ganuwa, kuma kada namiji ya sake aurenta har ta mutu. Wai don kada ta cuci wani kamar yadda ta cuci sarki.

Mai yin wannan tsaga shi ne Sarkin Aska, wani dattijo mai suna Cindo, wanda shi kaɗai ke da izinin taɓa kan sarki. Cikin shekara goma sha takwas ya tsaga mata shida, ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga cikinsu sun mutu a ƙauyen nan, ɗaya da baƙin ciki, ɗaya kuma an tsamo ta daga rijiya. Cindo yana da hannu mai kyau, ba ya ɓata aiki, kowace tsaga ta fita sambal.

Mace ta bakwai sunanta Yalwa, 'yar Cindo ce ta cikinsa. Ita da kanta ta so auren, uban kuwa ya sa albarka, ya ci goron. Damina ta uku ta zo ta wuce, aka fara yankan gero, ciki bai zo ba. Sarki ya aiko wa Cindo da saƙo ya wasa askarsa, ranar Juma'a ta sama za a yi aikin.

Da hantsi Cindo ya tafi gidan Waziri Makau, ya same shi a zaure yana cin fura. Shi Makau mutum ne mai wayo, ya shekara talatin a fada ba a taɓa kama shi da wata magana mai kai da ƙafa ba.

Cindo ya gaishe shi ya ce, “Ranka ya daɗe, na zo da magana wadda za ta iya cin harshena.”

Waziri ya ce, “To ka faɗe ta a hankali, kada ta haɗa da nawa.”

Cindo ya ce, “Lokacin da sarki yake saurayi, gemu ya fara fito masa, hangum ya kama shi. Kumatu suka kumbura, bayan kwana shida ciwon ya sauka ƙasa, 'ya'yan marainansa biyu suka kumbura kamar goruba. Ni na yi jinyarsa a ɓoye. Da kumburin ya sace, sai suka motse, ba su koma yadda suke ba. Marigayi ubansa ya ce a faɗa wa gari yarima yana nazari.”

Waziri ya ajiye ludayi. Ya ce, “Wannan zato ne, Sarkin Aska. Da zato ba a shiga gaban Ɗanbaro.”

Cindo ya ce, “Akwai abin da ya fi zato. Hakama, matarsa ta fari, ta gudu daga ƙauyen nan ta tsallaka iyaka, wani bafatake mai sayar da kanwa ya aure ta. Shekara goma sha biyu da suka wuce na je wani gari yin ƙaho, aka kira ni askin suna. Na shiga, na ga maijego da tsagata a goshinta. Ni na aske kan jaririyar.”

Waziri ya dube shi ya ce, “Shekara goma sha biyu. Bayan nan mata nawa ka tsaga?”

Cindo ya ce, “Huɗu.”

“Kuma sai yau bakinka ya buɗe.”

“Yau 'yata ce, ranka ya daɗe.”

Waziri ya ce, “Ni ma ban fi ka ba, na daɗe ina ƙirga matan nan a zuci ina shan furata. Tashi ka tafi gida. Kada ka ce komai a fada sai sarki ya tambaye ka da bakinsa.”

Waziri ya tura manzo a asirce zuwa garin nan na bayan iyaka. Hakama ta ƙi zuwa sau biyu. A na uku aka gaya mata akwai wata mace da za a tsaga ranar Juma'a, sai ta ɗaura zane ta ce wa mijinta ya ɗaura wa jakai mangala.

Ranar Alhamis fada ta cika. Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, “Allah ya ja zamanin sarki, wasu baƙi sun zo da shari'a mai wuya, alƙalai uku sun kasa ta. Amma matar ta ce ba za ta yi magana ba sai an ba ta amana, ita da mijinta da 'ya'yanta.”

Sarki yana son a ce shi ya warware abin da ya gagari alƙalai. Ya ce, “Na ba ta amana, kowa ya shaida.”

Aka shigo da mace cikin lulluɓi, da mijinta, da 'yan mata uku a jere kamar tukwanen da aka gina rana ɗaya. Matar ta durƙusa ta ce, “Allah ya ba ka nasara. Waɗannan 'ya'yana ne, ni na ɗauki cikinsu, ungozomar da ta yanke cibiyarsu tana nan da rai. Amma duk kasuwar da na shiga sai a ce sato su na yi, don wani babban mutum ya riga ya yanke hukunci cewa ba na haihuwa. Ina so sarki ya faɗa mini, wa ya yi ƙarya, cikina ko hukuncin?”

Sarki ya yi dariya ya ce, “Wannan ce ta gagari alƙalai? Mace ta haihu sau uku a gaban shaidu, wane mahaukaci ne zai ce juya ce? Hukuncin ne ƙarya, kuma wanda ya yanke shi ya zalunce ki. Wane ne shi?”

Hakama ta yaye lulluɓinta. Tsaga uku suka bayyana a goshi, sun tsufa amma ba su ɓace ba. Bafaden da aikinsa shi ne ya ce “gaskiyarka, zaki” bayan kowace maganar sarki ya buɗe baki, ya rasa ta inda zai kama, ya mayar ya rufe.

Sarki ya dube ta, ya dubi yaran, ya ce kowa ya fita sai Waziri da Sarkin Aska. Da zauren ya zama wayam ya ce, “Cindo, kai ka san jikina tun ina yaro. Ni namiji ne ko ba namiji ba?”

Cindo ya ce, “Namiji ne kai, zaki. Amma in na ƙara kalma ɗaya, doka ta ci harshena.”

“Ƙara. Harshen naka sai na ji abin da ya ɗauko.”

Cindo ya faɗi labarin hangum tun daga fari, bai rage komai ba. Sarki ya miƙe tsaye har rawaninsa ya karkace. Ya ce, “Ƙarya kake yi. Ban taɓa gazawa a ɗaki ba, ko sau ɗaya. Ka tambayi matan.”

Waziri ya ce, “Allah ya taimake ka, a masaukin baƙi akwai wani malami masanin jikin ɗan Adam, Malam Zubairu, ya yi karatun magani a ƙasashen gabas. Ba ɗan ƙasar nan ba ne, bai san sarki ba ya ciwo ba. A bar shi ya duba.”

Aka kira malamin. Ya shiga da sarki wani ɗaki, ya duba shi da hannu kamar yadda ake duba kowa, ya yi masa tambayoyin da ko uwarsa ba ta taɓa yi masa ba. Da suka fito ya ce, “Ranka ya daɗe, ƙarfin kwanciya daban, haihuwa daban. Namiji zai iya zama ƙaƙƙarfa, ruwansa yana fita kamar na kowa, amma babu iri a ciki. Rashin haihuwa yakan zo daga mace, yakan zo daga namiji, wani lokaci daga su biyun, don haka ba a hukunta ɗaya kafin a duba ɗayan. A wajen maza, wani jijiyoyin marainansa ne suka kumbura, wani ciwon sanyi ne ya toshe hanya, wani kuma yawan zafi ne, kamar mai yini a bakin maƙera ko mai zama cikin ruwan zafi. Da yawa cikin waɗannan suna jin magani in an zo da wuri. Su kuma ƙulle-ƙullen ƙarfin maza da na ga an tara maka, ba abin da suke ƙara wa iri.”

Sarki ya ce, “Nawa fa?”

Malam Zubairu ya ce, “Naka ya daɗe, kuma ɓangarorin biyu ya taɓa. Zan yi maka abin da na sani har shekara guda. Amma ba zan yi maka alƙawarin ɗa ba, don ban ga alamarsa ba.”

Sarki ya koma ya zauna. Ya ce a hankali, “Mata shida.”

Washegari Juma'a, jama'a suka taru a ƙofar fada don kallon tsaga, wasu har da guzurin gyaɗa. Sarki ya fito ya yi magana da bakinsa, ba ta bakin sanƙira mai shela ba. Ya ce, “Ni Ɗanbaro na yi ciwo ina saurayi, ciwon ya hana ni haihuwa. Matan nan ba su da laifi. Daga yau babu tsagar juya a ƙasar nan, babu yanke harshe don an ce sarki ba shi da lafiya. Duk gidan da aka rasa haihuwa, a duba miji kamar yadda ake duba mata.” Ya sa aka dawo da mata ukun da suka rage a ƙauye, ya ba kowacce gida da gona da 'yancin aure, ya je kaburburan biyun da ƙafarsa. Ɗaya daga cikin ukun ta karɓi gonar, amma ta ƙi ɗaga ido ta dube shi, kuma bai ce a tilasta ta ba.

Shekara ta zagayo, maganin bai yi wa sarki aiki ba. Sai ya tara masu zaɓen sarki ya naɗa ɗan ƙanensa yarima, ƙasa ta zauna lafiya. Maza kuwa suka riƙa zuwa wajen Malam Zubairu, kowa ya ce abokinsa ne ya aiko shi tambaya. Wasu cikin abokan nan sun samu haihuwa, wasu ba su samu ba.

Shi Cindo, sarki ya bar masa harshensa, amma ya karɓe sarautar aska da zabirarsa, ya ce hannun da ya san gaskiya ya ci gaba da yanka ba zai sake taɓa kan kowa ba. Ranar da zai bar fada, Yalwa ta fito rakiya har soron ƙarshe. Ta zaɓi ta zauna da mijinta, da haihuwa ko babu, goshinta kuwa sumul.

Cindo ya ce, “Ko ba komai, 'yata, na tsirar da ke.”

Yalwa ta ce, “Ka tsirar da ni, Baba, na gode. Amma ina da tambaya. Da 'yar wani ce, da ka wasa askar?”

Cindo ya tsaya riƙe da sandarsa, ya dubi ƙasa. Ya ce, “Na riga na wasa ta tun ranar Talata.”

Yalwa ta gyara mayafinta ta koma ciki. Dattijon ya fita ta ƙofar da ya fitar da mata shida, ba mai yi masa sannu. Nan labarin ya tsaya, ni ma nan na tsaya.