Mai Askin da Ya Raba Fuskarsa Biyu

Akwai wani mai aski da abokansa ke kira Kaifi. Hannunsa yana da kyau, wannan ba gardama. In ya gyara maka kai, sai ka riƙa leƙa gilashin motocin mutane kana duba kanka. Matsalarsa dai, a ganinsa duk duniya ba wanda ya san fata kamarsa.

Tun yana saurayi ƙuraje suka bar masa tabo da ƙananan ramuka a kumatu biyu. Shagonsa kuwa madubi ne gaba da baya, ba inda zai juya bai ga abin ba. Maƙwabcinsa mai gyaran waya ba ya raga masa: "Kaifi, kana ta gyara na mutane, naka fa?"

Yakan yi dariya, amma maganar tana yi masa ciwo ƙwarai.

Daga ƙarshe ya je asibitin fata, aka yi masa aikin lesa, wato na'urar da ke amfani da haske ta ƙona saman fata kaɗan don sabuwa ta fito. Da aka gama, likitar ta zaunar da shi.

"Malam, nawa aikin ya ƙare, saura naka," in ji ta. "Fata tana da garkuwa a samanta, ita ke riƙe danshi, ita ke hana ƙwayoyin cuta shiga. Yanzu taka ta yi rauni. Ka riƙa wankewa a hankali da sabulu marar ƙarfi, ka shafa wannan man marar ƙamshi, ka guji rana. In ɓawo ya taso, kada ka ɓare. Ban da reza, ban da tawul mai zafi, ban da sifirit."

Kaifi ya gyara zama. "Ban da sifirit? Likita, ni fa duk wanda na yi wa aski sai na shafe shi da sifirit. Ya ɗan yi tsalle a kujera, ya tafi gida lafiya lau."

"Fatarsu daban, taka ta yanzu daban. In ka takura mata za ta yi baƙi, kuma baƙin yana iya zama."

Ya ce to, amma irin to ɗin nan da ba ta wuce leɓe.

A gida, fuska ta yi ja, ta ɗan kumbura, sannan ɓawo ya fara tasowa. Matarsa ce ke shafa masa man safe da yamma, shi kuwa sai mita.

"Maman yara, wannan man ba ya aikin komai. Ko ɗan zafi ban ji ba."

"To zafi ka je saya?" in ji ta. "Tsaya cik, ka bar motsi."

Kun san masu aski, in sun gama gefe ɗaya sai sun ja baya sun gwada shi da ɗayan. Wannan ɗabi'a ce ta kai shi ta baro shi. Wata safiya a shago, kafin mutane su zo, ya tsaya gaban madubi ya yanke hukunci: kuncin dama na likita, na hagu nasa. A ga wanda zai riga warkewa.

Ya dafa ruwa, ya jiƙa tawul ya gasa kuncin hagu. Ya kankare ɓawon tas. Sannan ya tsiyaya sifirit a tafin hannu ya manna. Hawaye suka zubo masa, amma bawan Allah nan cewa ya yi, "Yauwa, yanzu na ji aiki!"

An ce wanzami ba ya son jarfa. Wannan dai da hannunsa ya yi wa kansa.

Da farko kamar shi ne da nasara. Hagu ya yi sumul yana sheƙi, dama kuwa duk ɓawo. Har ya ja benci waje, ya zauna cikin rana, ya kira mai gyaran waya.

"Duba nan, duba nan. Wanne ya fi?"

"Gaskiya na hagun."

"To aikina ne. Su likitoci karatu suka yi, mu kuwa a fuskokin mutane muka girma."

Matarsa ce ta fara gano shi. Tana cikin shafa masa mai sai ta tsaya, ta shinshina.

"Baban yara, me ya sa gefe ɗaya yake warin shagonka?"

Ya hau kame-kame. Ta rufe kwalbar, ta ce, "Ba komai. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba."

Bai kuwa daɗe ba ya gani. Ɓawon dama ya zube da kansa, sabuwar fata ta fito lafiya. Hagu kuwa ya bushe, ya tsattsage, ko ruwa ya taɓa shi sai raɗaɗi. Daga nan ya fara yin duhu. Wani tsohon mai zuwa aski wurinsa ya zauna a kujera, ya kalle shi ta madubi, ya miƙe a hankali.

"Kaifi, ba dai ciwon fata ba ne? Bari na dawo wani lokaci."

Ranar nan Kaifi bai yi wa kowa ba'a ba. Tsoro ya kama shi sosai. Ya je a cire masa tabo, ga shi zai ƙare da wanda ya fi na da muni.

Washegari ya koma asibiti, matarsa na biye da shi don kada ya rage labarin. Likitar ta duba dama, ta duba hagu, ta kasa riƙe dariya.

"Na gode da ka bar mini rabi, Malam."

"Likita, a yi haƙuri. Zai gyaru?"

"Zai ragu, amma a hankali, kuma ba zan yi maka alkawarin zai tafi duka ba. Ka bar garkuwar nan ta gina kanta. Mai, inuwa, haƙuri."

Wannan karon to ɗinsa har zuci. Ya sayi hula mai faɗi, ya mayar da benci ciki, ya nemi man kariya daga rana wanda ba ya barin aljihunsa. Watanni suka shuɗe. Dama ya yi kyau har mai gyaran waya ya rasa abin tsokana. Baƙin hagu ya dusashe, sai ɗan tabo kamar girman babban yatsa da ya ƙi tafiya.

Rannan wani mutum ya shigo shagon, fuskarsa ja, ɓawo ya fara tasowa.

"Maigida, lesa aka yi mini, amma na gaji da wannan ɓawon. Kankare mini shi, ka sa sifirit."

Kaifi ya ajiye reza. "Likita ya ce ka yi haka?"

"A'a, amma ai ku kun san fata."

Kaifi ya juya masa kuncin hagu, ya ɗora yatsa a kan tabon.

"Ka ga wannan? Wanda ya san fata ne ya yi shi. Kai zan gyara maka, fuska kuwa ka mayar da ita gida yadda ka zo da ita."

Darasi: Gwaninta a sana'arka ba ta mai da kai likita ba. Fatar da aka yi wa aiki lallashi take so, ba azaba ba, kuma abin da gaggawa ta ɓata da safe, haƙuri kan yi watanni yana gyarawa. Ku tura wa wancan ɗan'uwan naku da ya fi likita sani, kun dai san shi.