Godiyar da Baba Nelson Ya Soke

Akwai wani tsohon malamin makaranta a Sabon Garin Zariya, Baba Nelson, dattijo ne a ikilisiyarsu. Mutum ne mai son a ce nasa ya fi na kowa.

Ɗansa Japhet yana karatu a Samaru, yana kuma buga ƙwallon gora, wato hoki. Shi ne mai tsaron gida. Baba bai taɓa zuwa kallonsa ba. Yakan ce, "Ƙato da kai, kana bin ƙwallo da sanda kamar mai korar ɓera."

Sai aka zaɓi Japhet cikin tawagar da za ta je wata gasar maza a ƙasar waje, irin wadda ake gayyatar ƙasashe kaɗan. Nan take ra'ayin Baba ya juya. Tun jirgi bai tashi ba, ya je wurin fasto ya kama Lahadin da iyalinsa za su fito godiya a gaban jama'a.

Matarsa Hephzibah ta ce, "Baban Japhet, ka bari su buga tukuna mana."

Ya ce, "Ɗana ne a raga. Me za a jira?"

Sakamako ya fara shigowa ta waya. Wasan farko aka ci su biyar babu ko ɗaya. Na biyu ya fi muni. Da aka rufe gasa, su ne na ƙarshe.

Samarin unguwa suka samu abin yi. In Baba ya zo wucewa sai su ce, "Baba, golan namu raga yake tsaro ko ƙofar kasuwa?"

Baba ya soke godiyar. Ranar da tawaga ta sauka, ya kira ɗansa.

"Ka zubar mini da mutunci. Kada ka zo mini gida sai maganar nan ta lafa."

Japhet ya ce, "To, Baba."

Ya wuce Bomo, ɗakin abokin wasansa Ikenna. Magana ta lafa, bai dawo ba. Hephzibah ta daina cin abincin kirki, har wata safiya ta ce, "Kai ka kore shi, kai za ka ɗauko mini shi."

Baba ya shiga mota zuwa filin da suke atisaye a Samaru. Ikenna ya gaishe shi, ya ɗora masa ƙwallo a tafin hannu. Tauri gare ta kamar dutse.

"Ita ya riƙa tarewa da jikinsa, Baba. 'Yan wasan can ƙasashen a shimfiɗaɗɗiyar ciyawa suke koyo, mu a kan tsakuwa. Ba don shi ba, da ninki za a ci mu."

Japhet ya ƙaraso yana ɗingishi, ya durƙusa. Yatsunsa biyu a naɗe suke.

Baba ya ce, "Tashi mu tafi gida, ɗana. Na yi kuskure."

"Ba komai, Baba, na yafe. Amma na riga na kama ɗaki a nan."

Har yau yakan je gida ran Lahadi. Ya durƙusa ya gaishe su, ya tambayi lafiyar uwarsa, ya tashi kafin a zuba abinci.

Darasi: Ranar da ɗanka ya faɗi ita ce ranar da ya fi buƙatar ƙofarka a buɗe. Kada ka mai da ƙoƙarinsa abin adonka, ka yar da shi in bai yi kyau ba. Ana iya yafe kalma, amma ba kullum take gyaruwa ba. Ku tura wa iyayen da kuka sani.