Sarkin da Ya Yanka wa Ƙasa Ranar Shuka

An ce wani sarki ya gaji ƙasa mai faɗi, kudancinta kurmi, arewacinta yashi, kowane lardi da hakiminsa. Mutum ne marar sukuni, ba ya zama, ba ya barin wani ya zauna. Kullum gani yake in ya bar wa hakimai ko da shari'ar akuya ce, gobe rawaninsa za su nema. Sai ya tattare komai ya kai fada, har ranar shuka ma ya ce shi zai riƙa yankawa.

Da ruwan fari ya sauka a birni kamar da bakin ƙwarya, sarki ya leƙa ya ga tsakar fada ta cika. Nan take ya baza manzanni, ya ce kowa ya yi shuka, wanda ya ƙi kuwa a bakin ransa. Duk hakimai suka bi, ban da Jatau na can arewa, wanda ya hana mutanensa taɓa iri. Aka kawo shi cikin sarƙa, aka ce ran Juma'a za a sare kansa.

Duk da haka hankalin sarki bai kwanta ba. Yana ta kai-komo a zaure sai ga Malam Barmo, wani tsoho da ya karantar da mahaifinsa, ya shigo yana dogara sanda.

Ya ce, "Ya sarki, in an yi ruwa, wa ke fara sani, mai ƙasa ko mai gona?"

Sarki ya ce, "Mai ƙasa mana! Ai gonar ma tawa ce."

"Madalla. To tashi ka nuna mini ruwanka, don ni tsufa ya ci idona."

Sarki ya fusata, ya sa aka ɗaura sirdi, suka nufi arewa. Tun yana nuna wa tsoho kududdufai har suka ƙare, ƙasa ta koma fara fat. Suka iso lardin da ke maƙwabtaka da na Jatau, inda aka bi umarni. Ashe yayyafi kawai aka yi musu, gero ya tsiro, rana ta ƙone shi ƙurmus. Sarki ya sauka ya tura hannu cikin ƙasa, ya ji ta da zafi kamar toka.

Ya tambayi wani manomi, "Ba ku ga ƙasa ba ta sha ba?"

Manomin ya ce, "Mun gani, ranka ya daɗe. Mun fi tsoron takobinka ne a kan tsoron fari. Ga shi iri ya ƙare."

Kunya ta rufe sarki. Ya juya da sukuwa, ya isa birni kafin Juma'a, ya kwance sarƙar Jatau da hannunsa. Da yake mai gaggawa ne ko a tuba, sai ya ce, "Daga yau na sakar muku kome, kowa ya yi yadda ya ga dama!"

Malam Barmo ya ce, "Ya sarki, jiya ka haɗiye duka, yau kuma za ka amayar da duka? Waɗancan da irinsu ya ƙone fa, wa zai ba su?"

Jatau ya ce, "Rumbunanmu cike suke. Amma ni ba ni da ikon ƙetare iyaka da hatsi, maƙwabcina kuma ba shi da ikon tilasta ni. Wannan naka ne, Allah ya ba ka nasara."

Karon farko ke nan da aka ga sarki ya zauna. Ya yi umarni a kai iri daga rumbunan Jatau zuwa lardin da ya rasa, ya riƙe yaƙi da iyaka da abin da ya haɗa lardi da lardi, ya mayar wa hakimai sha'anin gonakinsu.

Sa'an nan ya ce, "Abin da ya shafi kowa, sarki ya riƙe. Abin da sai an taɓa ƙasa ake saninsa, a bar wa wanda ke tsaye a kanta. Adalci ke nan."