Fitilar Motar Alhaji Na'iya

Alhaji Na'iya attajiri ne a Malumfashi, amma motarsa ta tsufa har fitilarta ba ta fi aci-balbal haske ba. Direbansa Tanimu ya yi ta roƙo a canza ta, ya ƙi.

Wata safiya ya kira shi ya ce, "Yau bayan isha za mu Funtuwa. Ka faɗa rami ko ɗaya, ka bar min aiki."

"Alhaji, da wannan fitilar?"

"Lafiyarta ƙalau. Ko allura aka yar a titi za ta nuna maka."

Tanimu ya ce, "To shi ke nan. Amma ka fi ni sanin ramukan hanyar. In mun kai inda ta lalace, sai ka sauka ka shiga gaba da ƙafa kana nuna min, ni kuma ina biye da kai."

"In ka take ni fa?"

"Ranka ya daɗe, fitilar da ke nuna allura ce za ta kasa nuna min mutum mai babbar riga?"

Alhaji ya daɗe yana shafa gemu. Can ya ce, "Kai ta wajen mai gyara yanzu. Ka ce masa ya duba birkin ma."