Barewa da Tsallen Kwazazzabo

Ga ta nan, ga ta nanku, jama'a!
Ta zo mu ji ta, mu ƙaru!

Wata shekara fari ya ƙone ciyawar daji ƙaf, sai wadda ke hayin wani ƙaton kwazazzabo. Barewa na da 'ya'ya biyu, ga nono ya ƙafe. Kullum ta sheƙo za ta tsallaka, sai tsoro ya tsayar da ita.

Ta je wurin tsohon Kwaɗo, gwanin tsalle. Ta ce, "Baba, koya mini, kada 'ya'yana su mutu."

Ya ce, "Ƙafafunki lafiya lau, 'yata, ramin kike kallo." Ya ja layi biyu a yashi. "Ja baya taku goma sha biyu. Ƙirga, ki doki ƙasa, idonki na gaba."

Kullum yana ƙara tazarar layukan. Ta faɗi, ta tashi, gwiwoyi duk jini.

Ya ce, "Huta haka."

Ta ce, "Sai na haye, Baba."

Rana ta bakwai ta fuskanci kwazazzabon, ta ƙirga, ta tashi sama, sai ga ta a hayi! Ta ci ta ƙoshi, ta tsallako gida, 'ya'yan suka sha nono har suka yi gyatsa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, tawa ta ƙare!