Ranar da Aka Toshe wa Safara'u Hanci

Akwai wata baiwar Allah a Ƙofar Guga mai suna Safara'u. A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki tana ɗauke da cikin fari, haƙorinta na can ciki ya yi rami.

Ba ta gaya wa kowa ba. Sai ta cusa kanumfari a ramin, ta koma tauna ta gefe guda. Mijinta Sagir kuwa hankalinsa na kan rediyo da zancen sababbin shugabanni, bai lura tuwonta na kwana a kwano ba.

Ba ciwon take tsoro ba, kujerar likita take tsoro.

Tana ƙarama mahaifinta Malam Lado ya taɓa ce mata ta shirya za su Batagarawa gaida kaka, sai ga su a asibitin haƙori. Da ta ga ƙarafuna ta damƙe baki. Malam Lado ba ya son a ce ɗiyarsa ta gagare shi gaban mutane. Ya naɗe ta da zanen uwarta, ya matse ƙafafunta tsakanin gwiwoyinsa, ya toshe mata hanci kamar yadda ake yi wa jariri ɗurar kunu. Ta buɗe baki neman numfashi, ƙarfe ya shiga.

Tun ranar, ko warin asibiti ta ji sai numfashinta ya riƙa sarƙewa.

Ana nan kuncinta ya kumbura har ya fara rufe ido. Ta ja mayafi ta rufe, ta ce wa Sagir sanyi ne. Zazzaɓi ya biyo baya, haɗiyar yawu ta zama aiki. Wata safiya ta ji ɗan cikinta bai motsa kamar kullum ba. Ta dafe cikin tana jira. A nan ta yaye mayafin.

Sagir ya yi salati, ya aika a kira surukinsa.

A asibitin haƙori suka samu wata likita 'yar kudancin Kaduna, ana ce mata Martha. Safara'u na ganin kujerar ta ƙanƙame ƙofa. Likita ta ce mugunya ce ta taru, idan ta gangara maƙogwaro uwa da ɗa duk suna cikin haɗari.

Malam Lado ya fara naɗe hannun riga.

"Likita, mi ake jira? Sagir, kama ƙafafun, ni in riƙe kan."



"Baba, a yi haƙuri a jira mu waje," in ji Martha. "Ba na aiki a bakin wanda aka danne."

Ya fita yana mitar cewa yaran yanzu an sangarta su.

Martha ba ta taɓa ta ba. Ta jawo benci suka zauna, ta tambaye ta watannin cikin da abin da take kwaɗayi. Ta miƙa mata ƙarafunan ɗaya bayan ɗaya ta riƙe, tana faɗa mata aikin kowanne. Ba ta ɓoye mata cewa allurar za ta yi zafi ba.

"In kin ɗaga hannu zan tsaya. Alkawari ne."

Safara'u ta hau kujerar da ƙafarta. Allura ba ta ko taɓa dasashi ba ta ɗaga hannu. Likita ta tsaya. Ta sake ɗagawa, aka sake tsayawa. Sai hawaye suka zubo mata, ta buɗe baki.

Haƙora biyu aka cire, mai ramin da na kusa da shi, da ta zo da wuri da ciko kawai za a yi. Wajen masu awon ciki aka ji bugun zuciyar ɗan, da rauni amma yana nan.

A hanyar gida, da auduga a baki, ta tuna wa mahaifinta ranar da ya toshe mata hanci. Malam Lado ya daɗe yana tunani.

"Ni kau? Wallahi ɗiyata, ban tuna ba."



Darasi: Babba ya danne yaro ya manta kafin la'asar, yaron kuwa da abin zai girma. In za ku kai ɗanku wajen likita, ku faɗa masa gaskiya, ku lallashe shi, ku ba shi lokaci. Ku tura wa iyayen da kuka sani, ko Allah zai sa wani yaro ya tsira da haƙoransa.