Tulun Ƙarshe na Stamatis

Mijina Stamatis ba ya duniya, tulun ƙarshe na giyar da ya matsa da hannunsa ma yanzu babu shi. Ni ce matarsa Evdokiya. Ban yi karatu mai zurfi ba, zan faɗa muku yadda abin ya faru.

Akwai wani ƙanin mijina mai suna Lefteris, wanda ya daɗe yana yi wa giyar yayansa dariya. Stamatis ba ya fesa wa inabinsa magani, ba ya ƙara wa giyar komai, ba ya tace ta. Ja ce wur, mai ɗan tsami, da laka a gindi.

"Yaya, wannan ruwan kwatar ko akuya ba za ta sha ba," haka Lefteris yake cewa.

Stamatis sai ya yi murmushi, ya cika kwalabe ya bi maƙwabta gida-gida yana rabawa.

Da ciwo ya ci ƙarfinsa, ya nuna mini wani tulu a ɗakin ƙasa. "Wannan nawa ne. Ranar da za ku tono ni, da shi za ki wanke mini ƙasusuwa." Haka muke yi a ƙauyenmu. Bayan shekara uku a buɗe kabari, a wanke ƙasusuwan da giya, a adana su a akwati.

Kafin lokacin ya yi, 'yan birni suka fara rububin irin giyar nan. Sai ga Lefteris da sabuwar hula, ba shi da zance sai na "giyar gadonmu".

Ana gobe tono, na dawo daga coci da rana na ji dariya a ɗakin ƙasa. Baƙi ne daga birnin Tasalonika, Lefteris ya kawo su ɗanɗana giya. Kowa ya cusa hanci a kofi, ya kurɓa, ya kurkure baki, ya tofar a bokiti. Tulun Stamatis kuwa yana kwance, ba komai a ciki sai laka.

Na ce, "Lefteris, tulun wa ka buɗe?"

"Haba matar yaya, ba a gaban baƙi ba. Matacce yana jin ɗanɗano ne?"

"Da me zan wanke shi gobe?"

Ya nuna bokitin da ƙafa. "Ga ta nan, ai ba su haɗiye ba. A tace da ƙyalle, giya giya ce."

Na leƙa. Kumfar yawu a sama, ga ɓarɓashin burodi da ƙwallon zaitun. Na kau da kai.

Wata baƙuwa ta tambaye ni wa za a wanke. Da na faɗa mata, ta ajiye kofi ta toshe baki. Suka fice ɗaya bayan ɗaya, Lefteris na binsu har mota yana magiya, ba wanda ya waiwayo.

Washegari na tafi maƙabarta da kwano, ban san abin da zan zuba a ciki ba. Sai ga maƙwabciyata, tsohuwa Fotini, da kwalba a ƙarƙashin mayafi.

"Share hawayenki, 'yata. Mijinki ne ya ba ni, ni kuma haƙorana ba sa son tsami."

Bayanta mai gasa burodi, bayansa makiyayi, wani da rabin kwalba, wani da ɗan saura a gindi. Kwano ya cika da kyautar Stamatis.

Can sai ga Lefteris da tasa kwalbar, cike da giyar bokitin nan, wai ya tace ta tas. Fotini ta tare shi a bakin kabari.

"Kurɓi mu gani tukuna, ɗan nan. Ai mun ji ka ce giya giya ce."

Ya kai ta baki. Ya kasa. A gaban Fada, limamin cocinmu, da dukan gari ya juya yana kakarin amai. Da aka zo sumbatar ƙoƙon kan yayansa kamar yadda al'adarmu take, ba wanda ya ba shi hanya.

Ni na wanke mijina, gaɓa bayan gaɓa, da giyarsa.

Darasi: Abin da ka ajiye wani yana iya kwashewa, amma abin da ka bayar shi zai dawo maka ranar da ba ka da bakin roƙo. Wanda kuma ya ci amanar matattu, bakinsa ne zai tona shi. Ku tura wa 'yan'uwanku su karanta.

Ku taya ni addu'a: Allah ya jiƙan Stamatis, ya ba ƙasusuwansa hutu, ya raba mu da ɗan'uwan da zai wanke mu da yawun baƙi. Ku ce amin.